Rahina a Mangazar Albasa

Ranar da aka saka wa Rahina mari a ƙafa ina tsakar gidana ina ɗinki. Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan yayanta, Alhaji Halliru, babban dillalin albasa a kasuwar Malanbil. Na ji bugun guduma a kan ƙarfe, na ji muryarta tana cewa, "Yaya, da zafi. Yaya, wallahi ba ni ƙara fita." Na tsayar da keke na saurara. Da gudumar ta yi shiru sai na ci gaba da ɗinkina. Ba zan ɓoye wannan ba, tunda na zauna in faɗi abin da wasu suka aikata.

Jaririn Rahina ya rasu bai kai arba'in ba. Mijinta direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ya maido ta gidansu wai ta huta, bai sake waiwayarta ba. Barci ya ƙaurace mata, abinci ma sai an matsa. Ranar kasuwa ta fita ba kallabi ba takalmi, ta je ta tsaya a gaban rumfar yayanta tana tambayar masu wucewa ko sun ga wanda ya ɗauke mata ɗa. Mutane suka taru, samari suka ɗaga talho suna ɗaukar ta hoto. Kafin la'asar maƙeri ya shiga gidan.

Kwana goma kafin wannan rana ni da Alhaji Halliru muna zaune a ɗaki guda ana koya mana. An shirya horo na kwana biyar, an haɗa 'yan sanda da mutanen unguwanni, don a kafa kwamitin da zai riƙa taimaka musu. Ni aka tura a madadin matan unguwarmu. Wata malama da ta zo daga Paraku ta koya mana yadda ake tunkarar mutumin da hankalinsa ya gushe, ko wanda baƙin ciki ya kai shi bango. Kada a taru masa. Kada a ɗaure shi. A kira shi da sunansa, a rage murya, a nemi likita, don cuta ce kuma tana da magani. Da aka zo gwaji, wani ɗan sanda ya yi kamar ya zautu, yana wulwula sanda. Alhaji Halliru ya fito, ya durƙusa nesa da shi, ya kira sunansa a hankali, ya miƙa masa ruwa. Ɗakin ya ɗauki tafi. A ranar ƙarshe shi aka zaɓa shugaban kwamiti, ni ma na ɗaga masa hannu.

Kwana uku da saka marin na shiga gidan. Na iske Alhaji a zaure yana shan shayi.

Na ce, "Alhaji, abin da anka koya muna fa?"

Bai ko ɗaga kai ba. "Ummul-Khairi, wancan karatu na mahaukatan titi ne, marasa kowa. Rahina tana da gida. Ki bari in ga ƙanwata tana yawo tsirara cikin kasuwa, baƙi daga Kamba da Gaya suna kallo? Sati guda ne, in ta natsu sai a kwance ta."

Mangazar albasa aka saka ta, wato ɗakin ajiya, can bayan gida. Rufin kwano, ba taga, sai ɗan gibi tsakanin bango da rufi. Watan Afrilu ne, lokacin da ko a inuwa mutum yake jiƙa riga. An zube buhuna a gefe ɗaya, ita kuma tana ɗaya gefen a kan tabarma. Marin yana ƙafarta ta hagu, sarƙar ta tafi zuwa wani zobe da aka kafa a siminti. Tsawonta bai kai ta bakin ƙofa ba. Da ta gan ni ta gyara zaninta, ta ce, "Ummu, ina wuni? Ki yi haƙuri, babu wurin zama." Daga nan ta juya tana magana da bango.

Sati ya wuce, ba a kwance ta ba. Na samu mahaifiyarsu, Inna Marka, na roƙe ta a kai Rahina likita.

Tsohuwar ta ce, "Likita ya san iskoki? A bakin gulbi ta gamu da su, ranar da ta kai wankin jego. In an kai ta can za su rubuta sunanta cikin takarda, su ce mahaukaciya. Halliru shina da ɗiya huɗu mata. Wa zai nemi aure gidan da anka rubuta? Ni na haife ta, ɗiyata. Kina tsammani kin fi ni jin ciwonta?"

Sai aka kawo wani mai magani. Kullum da hantsi ya rufe mangazar, ya turara mata barkono da wasu saiwoyi, in ta yi tari har ta faɗi ya ce ga su nan suna fita. Ranar da ta tofa masa yawu ya sa bulala. Ina jiyo komai daga gidana. Na koma ɗinki a cikin ɗaki, na riƙa kunna rediyo.

A sati na uku aka rage mata abinci. Suwaiba, matar Alhaji, ita ke kai mata kwano, ita kuma ke kwashe bokiti. Na tambaye ta dalili.

Ta ce, "Yaya Ummu, in ta ci da yawa ni ke shan wahala. Ga yara, ga girki, ga wanga aiki. Ni ban ɗaure ta ba, ban kuma da mabuɗi. Abin da anka ce in yi shi nike yi."

Ruwa ma sai sau biyu a rana, wai tana zubarwa. Ta bar rera waƙar da take yi wa jaririn. Ta bar kiran yayanta. Da na sake shiga, a sati na biyar, sai da na toshe hanci, kuma ba warin ruɓaɓɓiyar albasa kaɗai ba ne. Ƙarfen ya ci fatar idon sawunta, wurin ya kumbura ya haɗiye gefen marin, ƙudaje sun baibaye shi. Gashinta ya dunƙule. Ƙasusuwan wuyanta sun fito. Ta daɗe tana kallona kafin ta gane ni.

Ta ce, "Ummu, ba kwancewa nike roƙo ba. Ki ce ma Yaya a maida shi ga ɗayar ƙafar, wagga ta huta."

Na faɗa masa. Ya ce maƙeri ya yi tafiya, kuma ana shafa mata man kaɗanya. Ya ƙara da cewa, "Ke maƙwabciya ce, mun gode da kulawa. Amma zancen gida a gida ya kamata shi tsaya." Da yammar ranar muka haɗu a taron kwamiti, yana kan kujerar gaba, yana yi wa matasa bayanin muhimmancin sanar da hukuma da wuri.

Sai da Rahina ta yi kwana arba'in da biyu a ɗaure sannan na je komisariya, ofishin 'yan sanda. Na nemi Karimatu, 'yar sandar da muka zauna benci ɗaya a wurin horo. Mace ce doguwa, ba ta da yawan magana, Dendi ce amma Hausarta ta fi ta wasu Hausawan. Na faɗa mata duka. Ba ta tambaye ni dalilin da ya sa na yi shiru tsawon wannan lokaci ba, ta dai dube ni, kuma da ta tambaya ya fi mini sauƙi. Ta ce za ta sanar da shugabanta, gobe Asabar da safe za su zo da ma'aikacin lafiya.

A hanyar komawa gida tsoro ya kama ni. Shekara ashirin muna maƙwabtaka. Inna Marka ce ta karɓi haihuwar ɗana na fari. Na ga motar 'yan sanda a ƙofar gidansu, na ga unguwa tana nuna ni da baki. Sai na leƙa ta kan katanga na kira Suwaiba, na ce mata, "Ki faɗa ma Alhaji polis na zuwa gobe. Shi kwance ta yau, shi kai ta likita da kanshi, kowa ya huta da kunya." Wallahi abin da na zata zai yi ke nan.

Ranar Juma'a ce. Da maza suka tafi masallaci, titi ya yi tsit, na ji ƙarar keke mai taya uku a bayan gidansu. Na leƙa ta kafar ƙofa. An shimfiɗa buhuna wofi a kan wani abu dogo, ƙarshen sarƙa yana reto a gefe. Alhaji bai je masallaci ba ranar.

Washegari Karimatu ta zo da wani ɗan sanda da ma'aikacin lafiya. Alhaji ya tarbe su da fara'a, ya sa aka kawo ruwan sanyi, shi da kansa ya buɗe musu mangazar. An share, an wanke da omo, an baza albasa tun daga bango har bango.

Ya ce, "Madam, gaskiya ne ƙanwata ba ta da lafiya. Amma ai kun koya muna. Mai irin wagga cuta ba shi son hayaniya. Mun kai ta Gene wurin gwaggonmu, ta samu natsuwa, ana saurarenta, ana lallashinta."

Karimatu ta ture albasa da ƙafarta har zoben nan ya bayyana. "Wanga fa, Alhaji?"

"Na ragon layya ne."

Ta dube shi, ta dubi Inna Marka da ke tsaye tana jan carbi. "Inna, ɗiyarki tana Gene?"

Tsohuwar ta ce, "Abin da ɗana ya faɗa shi ne."

Sau uku Karimatu tana hawa babur zuwa Gene. Ta samu gwaggon, wadda ta ce rabonta da Rahina tun bikin aurenta. Ta koma wurin Alhaji, ya ce an wuce da ita wurin wani malami a ƙetaren gulbi, cikin Nijar, inda hannun Karimatu ba ya kaiwa. A unguwa kuwa kowa ya san wadda ta kai ƙara. Mata suka janye ɗinkinsu. Na je wurin Karimatu na faɗa mata abin da na yi ranar Juma'a.

Ta ce, "Yaya Ummu, kin so ki ceci mace ki kuma ceci fuskar wanda ya ɗaure ta. Ba a yin su tare."

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Kwana ashirin da uku babu labarin Rahina. Wata Lahadi da hantsi wani mutum ya jingina keke a ƙofar gidana, ƙafafunsa duk taɓo. Ya ce sunansa Kadiri, shi ke tsaron injin ban ruwa a gonar shinkafar Alhaji da ke Garu.

Ya ce, "An ce ke ce kika kai magana polis. To, ki sake kaiwa. Ni inji anka ɗauke ni in tsara, ba mutum ba. Suna aiko gari duk sati, in dama mata. Kwana huɗu ke nan ba ta sha ba. Ina da ɗiya sa'arta, Hajiya. Aikin ya tafi in zai tafi."

Wannan karon ban leƙa katangar kowa ba. Cikin awa guda muna hanyar Garu, ni da Karimatu da ma'aikacin lafiya da wani ɗan sanda riƙe da zarton ƙarfe. Mota ta tsaya inda hanya ta ƙare, muka taka kan kunyoyin shinkafa. Bukka ce ta kara, rabin rufin ya zube, ƙasan duk laka. An ɗaure sarƙar a jikin tsohon inji.

Da Rahina ta hango kakin 'yan sanda sai ta ja jiki zuwa lungu, ta rufe kanta da hannuwa tana ihu. Ɗan sandan ya yunƙura zai shiga, Karimatu ta tare shi da hannu. Ta ce kowa ya ja baya. Ta cire hularta da ɗamararta ta ba ni. Ta zauna a cikin lakar nan a bakin ƙofa, ta gefe, yadda ba ta toshe haske ba.

"Rahina. Sunana Karimatu. Ba ni taɓa ki sai kin yarda."

Ihun ya ci gaba. Karimatu ba ta matsa ba. Ta ajiye gorar ruwa a tsakaninsu, ta riƙa faɗin sunan a hankali, tana yin shiru, tana sake faɗi. Mun fi rabin awa a tsaye cikin rana. Can Rahina ta sauke hannu ɗaya.

"Yaya ya aiko ku da hayaƙi?"

"Babu hayaƙi. Babu bulala. Ƙarfen nan muka zo cirewa, in kin ba mu izini."

"In kun cire ina za ni?"

"Likita. Ina tare da ke har can."

Rahina ta ɗaga zaninta kaɗan ta miƙo ƙafar. Ma'aikacin lafiyan, da ya saba ganin raunuka, ya juya ya yi salati. Daga idon sawu zuwa yatsu ta yi baƙi. Ba a iya cire marin a wurin ba, sarƙar kawai aka yanke, aka ɗauke ta da shi a ƙafa.

A asibitin Kandi aka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa. Likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora ta a kan ƙwayoyi, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Bayan sati uku ta fara barci, ta fara cin abinci, ta tambayi watan da ake ciki. Ta yi kukan ɗanta irin kukan da kowace uwa take yi. Likitan ya ce mini irin wannan cuta tana kama mata bayan haihuwa, ya ga da yawa, kuma da an kawo ta satin farko da ta koma gida da ƙafafunta kafin wata ya cika.

Karimatu ta rubuta rahoto, aka kira Alhaji ya amsa tambayoyi. Dattawan kasuwa suka yi ta zarya. Inna Marka ta zo asibiti ta kwanta a ƙasa gaban gadon, ta riƙe ƙafar Rahina mai lafiya.

"In an ɗaure Halliru wa zai riƙe gidan? Don ƙaunarki ya yi, ɗiyata. Kuskure ne. Kina so in mutu ɗana shina kaso?"

Rahina ta dubi uwarta ta ce, "Inna, kwana sittin da biyar. Sau nawa kinka kwanta ƙasa gaban Yaya saboda ni?"

Tsohuwar ta fashe da kuka. Amma da aka zo gaban alƙali Rahina ta ce ta yafe, don ba ta iya kallon tsohuwar tana bin bango. Aka yi wa Alhaji ɗaurin jeka ka gyara halinka, bai kwana a kaso ba. Ya ajiye shugabancin kwamiti da kansa, wai harkokin kasuwa sun yi masa yawa. Har yau sahun gaba yake salla. In an yi zancen a rumfuna cewa ake, "Bawan Allah ya sha jarraba da ƙanwa." Ni kuwa har yanzu akwai matan da ba su amsa gaisuwata, ba don kwana arba'in da biyu da na yi shiru ba, sai don rana ɗaya da na yi magana.

Rahina ba ta koma gidan ba. Wata ƙawar sana'arta ta ba ta ɗaki kusa da tasha, tana soya kifi a zaune. Da kwamiti ya fara bi gida gida yana tambaya ko akwai mai irin wannan lalura, ita ta ce a riƙa tafiya da ita. Cikin wata huɗu, a unguwa biyu kacal, an kwance mutum uku. Kowane gida da nasa dalilin, kuma duk dalilan na riga na ji su ta kan katangata. Babu mugu a cikinsu in ka tambaye su. Duk masu kare mutunci ne, duk sati guda suka yi niyya.

Gida na huɗu na wani mai sayar da taya ne, Sha'ibu. An ce ɗan'uwansa ya shekara biyu ba a gan shi ba. Muka yi sallama da hantsi, ni da Karimatu da Rahina a kan sandunanta. Ya fito ya ja ƙofa a bayansa.

Karimatu ta yi masa bayani a hankali, ta ce ba kama kowa muka zo yi ba, likita ne ke son ganin mara lafiya. Ya ce babu mara lafiya a gidansa. A daidai lokacin muka ji an ja ƙarfe a kan siminti daga ciki.

Rahina ta jingina sanda ɗaya a bango, ta ɗaga zaninta har gwiwa. "Malam Sha'ibu, duba. Nima don mutunci anka yi min."

Ya duba. Ya ce, "Allah shi sawwaƙe." Ya shiga ya sa sakata.

Karimatu ta ce ba ta da ikon fasa ƙofa sai da takardar alƙali, kuma samun ta zai kai la'asar. Ta ce mu tafi tare, a sauke Rahina a gida don rana ta fara zafi. Rahina ta tambaya ko gidan yana da wata ƙofa ta baya. Maƙwabta suka ce babu. Sai ta saki sandunan, ta dafa bango, ta zauna a kan dokin ƙofar, ta miƙe ƙafarta ɗaya a tsakiyar hanya.

Ta ce, "Ku tafi ku samo takardar. In za su fitar da shi, sai su tsallake ni."

Karimatu ta tayar da babur. Ni kuma na cire mayafina na riƙe mata a kai, don babu inuwa a wurin.